GADA A SAMA, KWATA A ƘASA

Jama'a, duk mai son ya san halin da Kano ke ciki, ya sauka daga Titin Katsina ya kutsa cikin Kurna, Rijiyar Lemo ko Bachirawa bayan an yi ruwan sama. Taku kaɗan daga bakin kwalta za ka shiga wata duniyar: rami cike da ruwa, kwata ta cushe da leda, yara 'yan makaranta na tsallaka duwatsu da takalmi a hannu. Mai Adaidaita ya ce maka iyakarsa bakin titi, in kuwa ya yarda ya shiga to kuɗin ya ninka. Yanzu ka ƙaddara mai naƙuda ce a gidan, da tsakar dare.

Amma in ana maganar aiki, sai a fara lissafa mana gadoji. Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nasarawa. Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro. Gwamna Abba ya ɗauko ta Ɗan Agundi da ta Tal'udu. Madalla, sun rage cunkoso, ba mai musu. To amma fisabilillahi, mutum nawa ne ƙofar gidansu ke kan gada? Kowa daga lungu yake fitowa kafin ya hau ta, kuma lungun zai koma ya kwana. Gada tana kyau a hoto, a yanka kyalle a buga a allo. Yasar kwata ba ta da hoto, shi ya sa ba ta da gata.

Kuma kwatar nan da aka raina ita ce ran titi. Ku tambayi kowane injiniya: babban abokin gabar kwalta shi ne ruwan da ya kwanta. Yana tsatsafawa ƙasa ya jiƙa marmarar da aka daɓe, tifa ɗaya ta bi ta kai, sai wurin ya dare. Daga tsaga sai rami, daga rami sai kududdufi. Don haka duk titin da aka shimfiɗa ba magudanar ruwa, kuɗinmu aka binne. Shekara ta zagayo a zo da baro a zuba ɓaraguzai a ce an yi faci.

Ƙarƙashin titin ma wani ciwon ne. Tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka fara jawo wa Kano ruwan famfo daga Challawa, zamanin Shekarau aka ƙara babbar matatar Tamburawa, amma gari ya yi wa bututun nisa. Inda bututu ya kai, ya tsufa yana yoyo yana cin titi ta ƙasa, wani ma ta cikin kwata ya ratsa. Inda bai kai ba, sai 'yan garuwa, su ma in hanya ta ɓaci kura ba ta shiga, jarka ta ƙara kuɗi. Sai a zauna ana mamakin amai da gudawa da zazzaɓin sauro duk damina.

Wa ke da alhaki? Kada wani ya ruɗe ku da "ai aikin tarayya ne". Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gini da gyaran titunan cikin gari, fitilun titi da magudanan ruwa. Jiha kuma tana da KARMA ta gyaran tituna, da REMASAB ta kwashe shara, da KNUPDA ta tsara birni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason da ake rabawa daga Abuja ya ƙaru, a watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Talaka ya biya tsadar man da aljihunsa. Ina nasa rabon a ƙofar gidansa?

Mu ma 'yan unguwa akwai namu. Da hadari ya haɗo sai a juye shara a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Wani ya yi dakali a kan lambatu. Kududdufan da kakanni suka bari suna shanye ruwan gari an cike su an yanka filaye, kuma sai da wani ya sa hannu a takarda. Ruwa dai ba ya manta hanyarsa. In ka tare shi, ɗakinka zai shigo.

Sai dai aikin gayya na ranar Asabar ba zai gina kwalbati ba. Wannan sai gwamnati.

Don haka ga shawarata kafin 'yan siyasa su dawo da atamfa da taliya. Kowace unguwa, mai unguwa da limamai da matasa su zauna su rubuta layuka uku mafi lalacewa, a kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha, a karɓi shaidar an kai. A ɗauki hoto a sa a nan da sunan layin. Duk inda aka fara aiki, a tambayi sunan ɗan kwangila, da kuɗin, da ranar gamawa, a kuma ce sai an fara da magudana kafin kwalta.

Wannan magana ba ta da jam'iyya, don ramin bai tambayi launin hularka ba kafin ya fasa maka taya. Ku rubuto sunan layinku a ƙasa, mu ga yawansu.

Allah Ya sa mu dace.