LAFIYA UWAR JIKI: Ciwon ciki ba ɗaya ba ne

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san kayan ciki: tumbi, hanji, hanta da maɗaciya. Mutum ma yana da su. Sai dai shi ba ya tuƙa, tumbinsa ɗaki ɗaya ne. Na saniya da akuya da tunkiya ɗaki huɗu ne.

Lomar tuwo tun a baki take fara narkewa, domin miyau yana aiki a kan hatsi. Daga nan ta gangara tumbi. Tumbi yana fitar da wani ruwa mai tsami ƙwarai, wanda yake narka nama, yake kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Wani yauƙi ne ya lulluɓe tumbin daga ciki, shi yake hana ruwan nan ya ci shi. Bayan awa 2 zuwa 4 abinci ya zama kamar kunu, sai ya wuce ƙaramin hanji.

Sirantarsa ce ta sa ake ce masa ƙarami, amma tsawonsa ya kai wajen mita 6. Nan ruwan maɗaciya yake haɗuwa da abinci don a narka mai. Nan ne kuma amfanin abinci da ruwa suke shiga jini. Abin da ya rage sai babban hanji, mai mita ɗaya da rabi, ya tsotse sauran ruwan.

Hanya mai tsawo haka, ko'ina ciwo yana iya kama ta. Shi ya sa malamin asibiti yake yawan tambaya: ina ne ke ciwo, tun yaushe, yaya bayan gida yake? Ba ɓata lokaci yake ba. Maganin tumbi daban, na hanji daban. Mai tallar magani a kasuwa ba ruwansa da wannan. Da an ce "ciki", sai ya miƙo ƙwaya.

Mai jin zafi a ƙahon zuci, kamar an zuba barkono, sau da yawa yauƙin nan ne ya lalace, tsami ya yi masa gyambo. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, mai jawo gyambo da yawa. Ana kashe ta da magunguna haɗe, ban da mai rage tsami, irin su omefurazol, da ake sha da safe kafin karin kumallo. Ƙwayoyin gajiya kuwa, asfirin da diklofenak da ibufurofen, su ma yauƙin suke ragewa. Manomin da yake haɗiyarsu kullum lokacin noma, cikinsa wayam, tumbinsa yake yi wa ɓarna. In bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne: a tafi asibiti ran nan.

Zawo a hanji yake. Kowace rana wajen lita 8 zuwa 9 na ruwa suna bi ta hanjin babban mutum, tsakanin wanda ya sha da wanda ciki ya fitar. Kusan duka jiki yake mayarwa jini. In zawo ya zo, ruwan nan da gishirin jiki suke zubewa. Yaro ƙarami ba shi da ajiya mai yawa, yana iya bushewa cikin kwana ɗaya. Uwar da ta hana shi ruwa don zawo ya tsaya, ta ƙara masa ciwo.

Amma ko cikin zawo, hanji yana iya tsotsar ruwa in sukari da gishiri suna tare a cikinsa. Wannan ne amfanin garin da ake bayarwa a asibiti: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu shi, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba tozo. Gishiri ya yi yawa, ya zama cuta. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, ko ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Kada a yanke masa nono ko kunu. A haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Ƙwayar tsayar da zawo ba ta ƙananan yara ba ce.

In an ga jini a zawon, ko ido ya faɗa, ko maɗiga ta loɓa, ko yaro ya kasa shan nono, a goya shi zuwa asibiti, ana ba shi ruwan a hanya.