Maganin Ƙwannafi Da Darasin 'Yan Mazan Jiya Na Amurka

Ma'aikatar Kula Da Tsofaffin Sojoji ta Amurka tana riƙe da bayanan lafiyar miliyoyin mutane, shi ya sa nake yawan leƙa abin da masu bincike ke tonowa daga taskarta. Batun da ya ɗauki hankalina a wannan makon shi ne maganin ƙwannafi da gyambon ciki, wato omeprazole da danginsa irin su pantoprazole da esomeprazole.

An amince da omeprazole a Amurka a 1989, kuma daga 2003 ana sayensa ba tare da takardar likita ba. Aikinsa shi ne toshe 'yan famfunan da ke fitar da ruwan tsami a bangon tumbi. Galibi makonni 4 zuwa 8 ake bukatarsa. Sai dai tsohon soja kan fara sha yana kwance a asibiti, ko saboda yana shan maganin ciwon gaɓoɓi, a sallame shi da shi, sannan a yi ta sabunta masa takarda shekara da shekaru, ba wanda ya sake tambayar dalilin farko.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a 2010 kan karayar ƙashi, a 2011 kan raguwar sinadarin maganiziyam a jini, a 2012 kuma kan wata muguwar gudawa. Daga 2016 ayarin Dokta Ziyad Al-Aly na asibitin tsofaffin sojoji da ke Sen Luwis ya wallafa jerin bincike da suka danganta daɗewa kan maganin da ciwon ƙoda, har da ƙaruwar mace-mace. A nan nake roƙon mai karatu, musamman ɗalibaina, ya yi hattara. Ganin abu biyu tare ba hujja ba ce cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, domin wanda aka fi rubuta wa magani sau da yawa shi ne dama ya fi jin jiki. Wani babban gwaji na mutum fiye da 17,000 da aka wallafa a 2019 bai ga wata illa a fili ba cikin shekara 3, in ban da cututtukan hanji.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin da asibitocin ma'aikatar na yankin Teksas suka ɗauka a 2013. Ba su hana maganin ba. Sun taƙaita sabunta takarda ne ga wanda babu rubutaccen dalilin ci gaba da sha a fayil ɗinsa, suka kuma wayar da kan likitoci da majinyata. Shan maganin ya ragu ƙwarai. Amma nazarin da mujallar BMJ ta buga a 2024 ya nuna cewa tsintsiyar ta haɗa har da waɗanda ke cikin haɗarin zubar jini a ciki, waɗanda ya kamata su ci gaba da sha. A ganina wannan ne kashin bayan maganar. Mai shan asfirin tare da maganin tsinka jini, ko wanda ruwan tsami ya riga ya ci masa maƙoshi, raba shi da maganin zalunci ne.

Dainawa ma tana da tarko. Idan aka yanke shi farat ɗaya, tumbi kan yi ramuwar gayya, ya kwararo ruwan tsami fiye da da na 'yan makonni, sai mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ya koma gidan jiya. Shi ya sa likitoci kan rage adadin a hankali, ko su ce a sha sai in ƙwannafin ya taso.

Mu a nan ba mu da kwamfutar da za ta tsayar da kowa. Duk wani zafin ƙirji ko ciwon ciki sunansa "olsa", kuma kemis na bakin layi ba ya tambayar tun yaushe ka fara. Alhali gyambon ciki na gaskiya yawanci ƙwayar cutar H. pylori ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan kashe zogi irin su diclofenac da ibuprofen. Ita ƙwayar cutar ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, a kashe ta cikin kimanin mako 2. Wanda ya haura wata 2 yana haɗiyar omeprazole kowace safiya, ya ɗauki kwalin ya je wa likita da tambaya biyu: me ya sa nake sha, kuma har zuwa yaushe?