WANDA YA BAR NAMA DA WANDA NAMA YA BARI

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Turawa, yanzu kuwa ta fara iso mu ta rediyo da wayar hannu, watau maganar mutanen nan da suka ɗauki alkawari ba za su ƙara cin kome da ya fito daga jikin dabba ba. Ban da nama, sun bar kifi, da ƙwai, da nono, da man shanu, har zuma ba su sha, wai ƙudan zuma ya yi wa kansa tanadi ne. Waɗansunsu ko takalmin fata ba su sawa. Mun ji 'yan'uwa da yawa suna dariya, suna cewa ƙoshi ne ya yi wa Bature yawa. To, mu dai a wannan jarida ba mu saba yi wa magana dariya ba sai mun ji ƙarshenta, gama mu ma an daɗe ana yi wa tamu dariya a majalisa.

Asalin abin a Ingila ya ke. A watan Nuwamba na 1944, ana cikin yaƙin Hitila, wani malamin makaranta mai koyar da aikin kafinta a garin Lesta, sunansa Donald Watson, ya haɗu da abokansa 'yan kaɗan suka kafa ƙungiya. Dā ma akwai tsohuwar ƙungiyar masu ƙin nama a Ingila tun 1847, amma su suna shan madara suna cin ƙwai. Watson da mutanensa suka roƙi a ba su ɗan fili cikin mujallar ƙungiyar don su bayyana ra'ayinsu na barin madara, manya suka hana, su kuwa suka ɓalle. Mun san irin wannan labari. Suka raɗa wa kansu suna Bigan, suka buga 'yar takardarsu ta fari, masu karɓarta mutum 25 ne kacal. Shi Watson tun yana yaro ya ga an yanka alade a gonar kawunsa, abin ya tsaya masa a rai, yana da shekara 14 ya bar nama, ya kuwa rasu a 2005 yana da shekara 95. Masu cewa ƙoshi ne sai su lura da shekarar nan. A 1944 da kati a ke sayen nama a Ingila, ba a kuwa ɗage wannan doka ba sai 1954. Zuwa 2019 binciken da ƙungiyar ta sa aka yi ya nuna sun kusa 600,000 a Birtaniya, watau kamar mutum ɗaya cikin ɗari.

Dalilinsu na fari, wanda kuma ya fi ƙarfi a zukatansu, shi ne tausayin dabba. A nan lalle mai karatu ya gane cewa kazar da su ke magana a kanta ba irin wadda ke tono a bayan ɗakin uwargida ba ce. Bayan yaƙi kiwo a Turai da Amurka ya koma aikin masana'anta. Kazar ƙwai a kan cusa ta cikin kejin waya tare da 'yan'uwanta, filin da kowace ta samu bai kai faɗin takardar wasiƙa ta ofis ba, ba ta taɓa miƙe fiffike ko taka ƙasa. 'Yan tsaki maza kuwa, da ya ke ba za su yi ƙwai ba, a kan kashe su ranar da aka ƙyanƙyashe su. Kazar nama sati shida ta ke yi a duniya. Saniyar madara a kan raba ta da maraƙinta cikin kwana ɗaya ko biyu da haihuwa, don nonon duka ya tafi kasuwa. Kun ga ke nan abin da ya sa 'yan Bigan suka haɗa ƙwai da madara cikin abin da suka bari, gama a wurinsu akwai jini a bayan kowane kwanon madara ko da ba a ga wuƙa ba. Wata mata, Ruth Harrison, ta tona asirin wannan irin kiwo cikin littafinta a 1964, har Gwamnatin Ingila ta naɗa kwamitin bincike da ya ba da rahoto a 1965. Amma sai 2012 Tarayyar Turai ta hana ƙananan kejin nan, Jamus kuma sai 2022 ta hana kashe 'yan tsakin. A lissafin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, dabbobin tudu da a ke yankawa a shekara sun haura biliyan 80, mafi yawansu kaji.

Sa'an nan ga abin da ya faru da shanun Ingila, wanda ya sa har masu son nama suka tsorata. Don neman riba, aka riƙa niƙa ragowar dabbobin da aka yanka ana zuba wa shanu cikin abinci, dabbar da Allah ya halitta don cin ciyawa. A 1986 aka gano ciwon haukar shanu, a 1996 Gwamnati ta amsa cewa yana iya kama ɗan Adam. Mutum fiye da 170 suka mutu, aka hallaka shanu sama da miliyan 4.

Dalili na biyu lafiyar jiki ce, ba za mu daɗe a kansa ba. A 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce naman da aka sarrafa, irin na gwangwani da makamantansa, yana jawo ciwon daji na hanji, jan nama kuma ana kyautata zaton haka. Mutumin Amurka kuwa a kan yi masa lissafin nama fiye da kilo 100 a shekara. Wanda ke cin wannan in ya rage ai ya taimaki kansa.

Na uku shi ne ƙasa da iska. A 2013 Hukumar Abinci da Noma ta ce kiwo ne ke fid da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya ta hannun ɗan Adam, babban rabo daga gyatsar shanu. A 2018 wani babban bincike da wani masani na Jami'ar Okusfod ya jagoranta ya nuna kiwo da noman abincin dabbobi sun cinye kamar kashi 83 cikin ɗari na filin noma da kiwo na duniya, amma ƙarfin abincin da su ke ba mutane bai wuce kashi 18 ba. Yawancin dajin Amazon da aka sare a Barazil makiyayar shanu aka mai da shi, waken suya na duniya kuwa wajen kashi uku cikin huɗu dabbobi ke cinye shi. 

To, me ya hana sauran Turawa bin su? Da fari dai kwaɗayi da sabo, kada a ɓoye. Wani bincike a Amurka a 2014 ya sami kashi 84 cikin ɗari na waɗanda suka taɓa barin nama sun koma masa, da yawansu kuwa sun yi kukan cewa sun zama bare a wurin cin abinci da dangi. Akwai kuma hujja ta likita. Wani sinadari da a ke kira B12, wanda jini da jijiyoyi ba su yi sai da shi, ba a samunsa cikin ganye ko hatsi, saboda haka ita kanta ƙungiyar Bigan tana umurtar mutanenta su sha ƙwayarsa ko su ci abincin da aka zuba masa shi. Mai ciki da jinjiri su suka fi shiga haɗari in aka yi sakaci. Manoma kuma sun tashi tsaye. A 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba za a sayar da ruwan waken suya da sunan madara ba. A Holan manoma sun toshe hanyoyi da tarakta tun 2019 da aka fara maganar rage dabbobi, har jam'iyyarsu ta zo ta ɗaya a zaɓen larduna na 2023. Denmak kuwa a 2024 ta yanke shawarar sa haraji a kan iskar da dabbobi ke fitarwa, daga 2030. Kai, ashe jangalin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a Kano da Kaduna a 1979, shi ne ya sake fitowa a Turai da sabuwar riga!

Barin nama don ibada ko tausayi ba sabon abu ba ne, ba kuma na Turawa kaɗai ba. Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya bar nama da nono da ƙwai da zuma. Kiristocin Habasha har yau ba su taɓa kome na dabba ran Laraba da Jumma'a, da kwana 55 kafin Ista. Amma dukan waɗannan, daga Ma'arri har Watson, abu ɗaya ya haɗa su: su suka zaɓa.

Yanzu ku duba kwanon talaka a nan Arewa. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, ƙosai, alale, kwaɗon zogale ko na rama, awara a bakin makaranta, daddawa a madadin tsoka. In ɗan Bigan na Landan ya ga wannan sai ya ce ya sami 'yan'uwa. Amma talaka bai bar nama ba, nama ne ya bar shi. Rabon mutumin Nijeriya bai kai kilo 10 a shekara ba, wannan ma bayan an haɗa da abin da a ke ci a gidajen Ministoci aka raba. Gidaje nawa ne ba su ganin tsoka sai ran layya, ko Kirsimeti, ko ran suna? Bayan an janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, ƙwai ma ya fi ƙarfin mai iyali. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami yara 37 cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57. Waɗannan yara ba su da ƙwayar B12 a kanti, ba su da likitan da zai tsara musu cima. Abin da su ke bukata ƙwai ne, da kindirmo, da ɗan hanta. Ko tsarin abinci mai ƙarancin nama da masanan EAT-Lancet suka fitar a 2019, da aka auna kuɗinsa sai aka ga mutum fiye da biliyan ɗaya da rabi a duniya ba za su iya sayensa ba. Saboda haka duk wanda ya zo da wa'azin barin nama ƙofar talakan Arewa, mun ce ya ɓata hanya, ya nufi unguwar manya.

Haka kuma ba za a ɗora wa Bafillatani laifin masana'antar Amurka ba. Saniyarsa tana cin ciyawar dajin da ba ya nomuwa, da kara da harawa bayan girbi, ta bar wa manomi taki. Maraƙi sai ya fara tsotso kafin a tatsa, gama irin shanunmu ba su sakin nono in ba ɗansu kusa. Gaskiya ne masana sun ce a kowace lita ta nono saniyarmu ta fi ta Bature fid da iskar nan, don nononta kaɗan ne. To, maganin wannan ai ruwa ne da makiyaya da likitan dabbobi, abin da dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi alkawari, aka bari burtali ya zama gonakin masu mulki.

Amma kada mu wanke kanmu tas. Hujjar tausayin nan ta taɓa mu. Duk wanda ya ga yadda a ke jibga shanu a tirela daga Potiskum ko Maigatari zuwa Ikko, wuya a ɗaure, kwana da kwanaki ba isasshen ruwa, ko ya ga kaji a rataye kai ƙasa a bayan babur, ya san addininmu, ko wanne ne, bai yarda da haka ba. Malamai sun koya mana ko wuƙa ba a wasawa a gaban dabba. Jakuna kuwa an dinga yanka su don fatarsu ta tafi ƙasar Sin, har sai da Tarayyar Afirka ta hana a watan Fabrairu na 2024.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda Gwamnati ta dosa. A watan Yuli na 2024 aka kafa Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya. A watan Nuwamba na 2024 aka sa hannu da kamfanin JBS na Barazil, wanda ya fi kowane kamfanin nama girma a duniya, a kan zuba dala biliyan 2.5 don gina masana'antu shida, uku na kaji, biyu na shanu, ɗaya na alade. An sha zargin kamfanin nan a gida da sayen shanun da aka kiwata a inda aka sare daji, shi kuma yana musu. Mu ba mu ƙin nama ya yi araha, mu muka fi kowa so. Sai dai irin kiwon da ya sa Watson da Harrison suka tayar da murya, wanda Turawa suka yi shekara 50 suna neman gyarawa, shi a ke shirin sauke mana, ba kuwa a tambayi makiyayi ko mahauci ko mai tallan nono ba.

Saboda haka jam'iyyarmu tana tambayar Ministan Kiwo. A wane fili za a yi wannan aiki, na wa ne kuma filin yanzu? Masarar da za a ciyar da kajin nan, daga rumbun wa za ta fito, nawa kuma mudu zai koma? Wace doka ce za ta tsare dabbar da ke cikin kejin? Naman kuma, na kasuwar Kurmi ne ko na jirgin ruwa? A buga yarjejeniyar nan duka, da Turanci da Hausa, a kai ta gaban majalisa. Muna jiran amsa, in ta zo kuwa za mu buga ta a wannan shafi ba tare da mun rage ko harafi ba.