Ra'ayinmu: A Koya Mana Lissafin Ƙuri'ar Majalisa

Muna kira ga malamanmu na Sashen Kimiyyar Siyasa da su shigar da ilimin dabarun hamayya cikin manhajar shekara ta biyu. Wannan ilimi, wanda John von Neumann da Oskar Morgenstern suka kafa harsashinsa a Amurka cikin 1944, yana nazarin yadda mutum ke zaɓen mataki bayan ya auna matakin abokin karawarsa. Duk wanda ya taɓa zaman dara ya san ainihinsa.

Ba sai mun je ƙetare neman misali ba. A zaɓen 1979, jam'iyyar NPN ta ci kujeru 64 daga cikin 99 na Majalisar Dokokin tsohuwar Jihar Kaduna, alhali kuwa Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan PRP ne. Wannan rinjaye ya ishe ta ƙin amincewa da kwamishinoninsa, haka kuwa ta yi ta yi, har ya yi mulkinsa ba majalisar zartaswa. Amma tsige gwamna sai da kashi biyu bisa uku, watau ƙuri'a 66. To, a nan ne hikimar take: saboda giɓin ƙuri'a biyu kacal, wakilin ƙaramar jam'iyya da ba a ko kallonsa jiya ya zama abin lallashi ga ɓangarorin biyu. Adadin dai ya cika, aka tsige Gwamna ranar 23 ga Yuni, 1981. Mukan haddace wannan rana domin jarrabawa, amma lissafin da ke ƙarƙashinta ba safai ake buɗe mana shi ba.

Lamarin ya shafi talaka kai tsaye. Mu ɗauki Birnin Gwari, wadda 'yan bindiga suka daɗe suna fakewa a dajinta, suka hana manoma gonakinsu da matafiya hanyar Kaduna. Wakilanta 'yan ƙalilan ne a majalisa mai kujeru 34. Idan ɗayansu ya goyi bayan ƙudurin da ba ya so domin a saka masa da kuɗin gyaran hanya a kasafi, cin amana ya yi ko dabara? Ba a amsa wannan sai an san ko ƙuri'arsa ce mai raba gardama a ranar, da kuma abin da zai hana abokan cinikinsa saɓa alkawari gobe.

Da yawanmu akawun majalisa da sakatarorin ma'aikatu za mu zama. Saboda haka muna roƙon a ware ko da mako huɗu, a raba aji zuwa jam'iyyu biyar bisa adadin kujerun 1979, a ba mu kasafin kuɗi mu yi ciniki a kansa.