A Karanta Su Kafin A Yanke Musu Hukunci

Tun 1980, da Hafsat Abdulwaheed ta fitar da "So Aljannar Duniya", matan Arewa ba su ajiye alƙalami ba. Amma har yau wasu kan taɓe baki su ce ai littattafan soyayya ne kawai, alhali ko bangon ɗaya ba su taɓa buɗewa ba.

Wanda ya karanta "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu ya san zancen ya wuce soyayya. Labarin Rabi ne, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. Wace unguwa ce babu Rabi? An fassara littafin zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012, yayin da mu nan gida muke ta gardamar ko ya cancanci a kira shi adabi.

Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa akwai ɗimbin sababbin marubuta mata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sharhi na gaskiya. Cikin littattafan akwai tsaba, akwai tsakuwa, kuma sai an karanta ake tantancewa.

Muna kira ga makarantu, gidajen rediyo da ƙungiyoyin marubuta su ware lokacin tattauna waɗannan littattafai. Iyaye maza ma su karanta, domin labarin gidajensu ne ake bayarwa.