Jan Kunne a Kan Masu Gyaran Tsofaffin Kyamarori

Mu dai hatsi ne sana'armu, gero da dawa da masara muka sani a Dawanau. Amma yau muna roƙon fili mu yi magana a kan wata haja da ke kwance cikin akwatunan gidajenmu, wato tsofaffin kyamarorin nan masu cin fim, irin su Yashica da Pentax da Canon, waɗanda iyayenmu suka bari, ko masu hoto suka jingine tun da hoton waya ya kashe musu kasuwa.

To, a sani kayan nan sun sake yin daraja. Samari a Turai da Amurka da Japan sun koma sha'awar fim, har Leica ta dawo da ƙera M6 a 2022, Pentax kuma ta fito da sabuwar kyamarar fim a 2024. Sai dai mai aiki ita ce ke da kuɗi. Matacciya kuwa ana sayenta ne a wulaƙance don a cire kayan cikinta. Abin da ke tsakanin farashin nan biyu hannun mai gyara ne, kuma a nan ne ake cutuwa.

Mu kanmu mun sha. Mun ɗauki Yashica mai ido biyu ta mahaifinmu muka kai wa wani yaro mai gyaran waya, ya ce, "Alhaji, ai wannan ba aiki ba ne." Ya cinye kawunan kusoshinta, sa'an nan ya ɗiga mata man keken ɗinki. Man ya bi ya manne 'yan ganyayen ƙarfen nan masu kiftawa su saki haske, daga ranar ba ta ƙara motsi ba. Laifin namu ne, domin ba ma ba wanda bai san mudu ba awon hatsinmu, amma muka ba wanda bai taɓa buɗe kyamara ba abin gadonmu.

Dalilin wuyar samun gwani a fili yake. Masana'antun sun daɗe da daina ƙera su. Pentax K1000 an yi ta daga 1976 zuwa 1997, Yashica Mat-124G kuwa tun 1986 aka tsaya. Sabbin kayan gyara babu, sai dai gwani ya sayi matacciya ya raya mai sauran numfashi. Su kuma gwanayen sun manyanta, ido ya yi rauni, yaransu sun watse zuwa gyaran waya.

Ga yadda muke ganin za a gane na ƙwarai. Na farko, a nemi sunansa a bakin tsofaffin masu hoto da masu wankin fim, kamar yadda muke tambayar halin dillali kafin mu ba shi kaya. Na biyu, gwani yana faɗin ciwo kafin ya kwance kusa. Zai buɗe bayanta ya ɗaga wa haske, ya harba a daƙiƙa ɗaya ya saurara, domin tsohon mai yana daskarewa ya sa ta nawa. Zai haska tocila cikin gilashi ya nemi fumfunar da danshin damina ke haifarwa, ya taɓa soson bakin murfi, wanda idan ya narke haske ke satar shiga ya ƙona fim. Na uku, a tambaye shi batun batir. Da yawa an yi su ne don batirin zaiba mai ƙarfin bolt 1.35, wanda aka hana yanzu, na 1.5 kuwa yana sa ma'aunin haske ya yi ƙarya. Ya kuma san K1000 tana ɗauka ko ba batir, amma Canon AE-1 ba ta motsi sai da shi. Wanda ya yi shiru a nan, a karɓe kaya a yi gaba. Na huɗu, a yanke kuɗin aiki tun farko, a rubuta lambar jikin kyamara da ta gilashinta, kuma kada a cika biya sai an ɗauki fim guda mai hoto 36 ko 12 an wanke an gani. Gani ya kori ji.

Sauran magana a kanmu take. Muna taya aikin gwani kamar muna taya ƙaiƙayi, alhali ya ɓata yini biyu a kan kyamara ɗaya, sa'an nan mu zo muna kukan babu masu gyara. Yaron da ya ga ubangidansa ba ya cin abinci da sana'a ba zai zauna ya koya ba. Saboda haka idan an samu gwani a biya shi haƙƙinsa cikakke, kuma mai yaro mai natsuwa ya kai shi ya zauna gabansa tun hannun tsohon yana aiki. Wanda kuma bai samu gwani ba tukuna, ya cire batir, ya ajiye kyamararsa a busasshen wuri nesa da ƙura, kada ya ba kowa ya koyi gyara a kanta.

Wassalam.