RA'AYINMU: BAƘO RAƁA NE

Duk wanda ya taɓa zama a babban birnin wata ƙasa ta Afirka ya san alamun da ke nuna manyan baƙi na tafe, ko da kuwa bai ji shela a rediyo ba. Ramukan da suka shekara suna karya motoci a hanyar filin jirgin sama sai a wayi gari an cike su cikin dare ɗaya. Fitilun titi da suka daɗe da mutuwa su farfaɗo, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a kafa tutoci, a kwashe mabarata da masu taɓin hankali a kai su bayan gari. Bayan kwana uku ko huɗu jiniya ta yi shiru, jiragen shugabanni su tashi, a bar mutanen gari da gine-ginen da aka yi da kuma bashin da aka ciwo domin yin su. Wannan abin da ake barin mutanen gari da shi, shi ne muke so mu yi tsokaci a kansa, domin a cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda nan gaba kaɗan fayil ɗin irin wannan shiri zai bi ta kan teburinsu.

Tun da farko muna so a fahimce mu. Karɓar baƙo da mutunci al'adarmu ce, kuma ƙasar da aka amince ta tara shugabannin duniya a gidanta ta sami wata daraja wadda ba a raina ta. Amma masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne. Maigidan da ya sayar da hatsin rumbunsa domin ya yi wa raɓa shimfiɗa, iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Tarihin nahiyarmu kuwa cike yake da irin waɗannan masu gida.

A watan Oktoba na 1965 Kwame Nkrumah ya karɓi taron shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Akara, babban birnin Gana. Domin wannan taro na 'yan kwanaki aka gina katafaren benen nan da ake kira Job 600, aka zuba masa miliyoyin fam, alhali a shekarar ce farashin koko, wanda Gana ta dogara da shi, ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Daɗin daɗawa, wasu daga cikin baƙin da aka yi wa shimfiɗar ba su ma zo ba. Diori Hamani na Nijar da Houphouët-Boigny na Kwaddebuwa sun ƙaurace, bisa zargin Gana na ba abokan hamayyarsu mafaka, ciki har da 'yan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. Wata huɗu bayan haka, ran 24 ga Fabrairu, 1966, soja suka kifar da gwamnatin Nkrumah. Benen ya yi shekaru yana lalacewa, sai a 2015 aka kammala gyara shi ya zama ofisoshin 'yan majalisa.

Labarin Laberiya ya fi wannan ɗaci. Ana cikin gina Hotel Africa da zauren taro da gidajen shugabanni a wajen birnin Manrobiya domin taron ƙungiyar na watan Yuli 1979, sai aka kawo shawarar ƙara kuɗin buhun shinkafa daga dala 22 zuwa dala 26. Ran 14 ga Afrilu jama'a suka fito zanga-zanga, aka buɗe musu wuta, mutane da dama suka halaka. Duk da haka aka yi taron, aka naɗa William Tolbert shugaban ƙungiyar, kuma yana riƙe da wannan muƙami soja suka kashe shi ran 12 ga Afrilu, 1980. A shekarar ce kuma Siaka Stevens ya karɓi taron a Firitawun, ya gina unguwa sukutum ta gidajen shugabanni da sababbin otel-otel a ƙasar da baitulmalinta ya riga ya fara ƙafewa. Ba mu ce taro ne ya kayar da Nkrumah ko ya kashe Tolbert ba, domin dalilan faɗuwarsu suna da yawa kuma sun girmi taron. Abin da muke cewa shi ne, talakan da ya ga ana gina wa baƙo fada a lokacin da ake gaya masa babu kuɗin sauƙaƙa masa abinci, ba zai sake gaskata gwamnatinsa ba.

Yana da kyau ɗalibi ya san yadda kuɗin irin wannan shiri ke kumbura, domin ba sata kaɗai ke kawo shi ba. Ranar taro ba ta gusawa. Ana iya ɗage buɗe asibiti shekara biyu, amma ba a iya ce wa shugabanni hamsin su dakata siminti ya bushe. Ɗan kwangila ya san haka sarai, saboda haka shi ke yanka farashi. Da an ce lokaci ya ƙure sai a jingine ƙa'idar tallata kwangila a jarida, a miƙa aiki ga wanda aka ga dama. Kayan da ya kamata su zo ta jirgin ruwa sai a ɗauko su ta jirgin sama. Motoci da kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki duk daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, sau da yawa ta hanyar rance. Bayan wannan kuma akwai kuɗin da ba ya shiga lissafi ko kaɗan, wato na kula da ginin: wutar lantarki, albashin ma'aikata, gyaran rufi da famfo, shekara bayan shekara. Kwamitin shirya taro yakan watse ran da baƙi suka tafi, a bar ginin kamar maraya a hannun ma'aikatar da ba a ware mata ko kwabo domin riƙonsa ba.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana, mun ga mai kyau mun ga maras kyau. Domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi a farkon 1977, an gina unguwar Festac a Ikko, kuma da baƙi suka watse aka raba dubban gidajenta ga 'yan ƙasa ta hanyar ƙuri'a. Har yau mutane na zaune a ciki, ko da yake hanyoyinta da magudanan ruwanta sun sha wuya. Domin wannan biki dai aka gina otel ɗin Durbar a Kaduna, wanda daga baya ya faɗa cikin rigimar mallaka, ya zama kufai a tsakiyar gari, har aka rushe shi a watan Janairu 2020. Bambancin a bayyane yake: gidajen Festac akwai masu bukatarsu tun kafin a gina su, otel ɗin kuwa an auna girmansa ne da yawan baƙin mako guda. Haka nan taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka na watan Yuni 1991 ya gaggauta ginin Abuja, ya bar mata babban zauren taro da gidajen ma'aikata, kuma wata shida bayansa gwamnati ta tare a birnin. Sai dai zauren ya tsufa a hannun masu riƙonsa har aka rufe shi, kuma da aka sake buɗe shi a watan Yuni 2025 hukuma ta ce gyaransa ya ci naira biliyan 39.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Yamai. Domin taron Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta bi wata hanya dabam. Kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani da kuɗinsa, bisa sharaɗin zai riƙe filin shekara 30 yana karɓar kuɗin shiga, kuma shi ne ya gina otel ɗin Radisson Blu. Indiya ta ɗauki nauyin zauren taro na Mahatma Gandhi. Masu kare wannan tsari suna cewa baitulmali bai ɗauki kayan da zai karya masa wuya ba, kuma a gaskiya gine-ginen sun yi amfani, domin Yamai ta karɓi taron ministocin waje na ƙasashen Musulmi a 2020 da wani taron Tarayyar Afirka a 2022. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba za mu yi watsi da ita ba. Amma kuɗin da ɗan kasuwa ya zuba sai ya fanshe shi da riba, kuma daga aljihun matafiyi zai fito har tsawon shekara talatin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar, abin da ya nuna yadda cinikin taro ke iya yankewa dare ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren birnin da baƙo bai gani ba. A ƙarƙashin shirin ƙawata gari da ake kira Niamey Nyala an rushe ɗimbin rumfuna da shagunan ƙananan 'yan kasuwa a bakin manyan hanyoyi tun daga 2016. A shekarar taron, Nijar ce ta 189 cikin ƙasashe 189 a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. A daminar 2020 kogin Kwara ya fasa madatsai ya mamaye unguwanni kamar Lamorde da Saga, dubban mutane suka rasa matsuguni, a birnin da aka yi wa kwalliya shekara guda kafin nan. Hausawa na kiran irin wannan kitso da kwarkwata. Mai shayi da mai tireda da mai faci waɗanda katafila ta bi ta kan rumfunansu, su ma sun biya kuɗin taron, sai dai ba a rubuta nasu a kowane kasafi ba.

Har ila yau, ya kamata mu tambayi abin da taron kansa ya haifar, tun da yake dominsa aka yi duk wannan ɗawainiya. A Yamai, ran 7 ga Yuli, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka. Mako shida bayan haka, a watan Agusta, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ba a fara buɗe su ba sai a watan Disamba 2020. Fataken Maraɗi da Jibiya, da na Ƙonni da Illela, waɗanda kakanninsu ke cinikayya tun kafin a ja layi tsakaninsu, su ne suka ji a jikinsu. Lalle akwai gyara a tunanin shugabannin da ke iya gama otel cikin wata goma sha, amma su kasa riƙe alkawarin da suka ɗauka a cikinsa har wata biyu.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya wajaba a kan duk birnin da zai karɓi babban taro. Kafin gwamnati ta nemi a ba ta taron, a kai lissafinsa gaban majalisa a tattauna a fili, kada a bari sai an riga an amsa sannan a ce mutuncin ƙasa ya hana a ja da baya. Kowane gini da za a yi, a rubuta tun farko wanda zai yi amfani da shi bayan taro, da ma'aikatar da za ta riƙe shi, da inda kuɗin riƙon zai fito. Idan gidaje za a gina wa baƙi, a zana su yadda za su dace da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ko ɗaliban jami'a. Idan hanya ce ko ruwan famfo ko magudana, a bi da su ta unguwannin da jama'a suke, ko da ayarin shugabanni ba zai ratsa ta nan ba. Wanda tilas ta sa aka tashe shi, a ba shi wani wuri da diyya kafin katafila ta iso. Bayan an watse kuma, babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya fitar da rahoto cikin wata shida, a buga shi kowa ya gani: nawa aka ce za a kashe, nawa aka kashe, wa ya sami kwangila, ina motocin da aka sayo suka shiga.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, mun san ƙaramin ma'aikaci ba shi ke yanke hukunci ba. Amma shi ke tsara takardar da Babban Sakatare zai karanta, shi ke haɗa lissafi, shi ke zuwa duba aiki ya sa hannu cewa an gama. Layi ɗaya da zai ƙara a fayil, yana tambayar wanda zai biya kuɗin wutar wannan zaure a shekara mai zuwa, yana iya tsirar da miliyoyi, kuma ko an yi banza da shi zai zauna a rubuce ya zama shaida. Kada kalmar gaggawa ta ruɗe ku ku sa hannu a kan abin da idonku bai gani ba.

Mu kuma ɗalibai, aikinmu ya wuce ɗaga tuta a bakin hanya ko zama 'yan rakiyar baƙi saboda ɗan alawus. Muna da sassan koyon tsara birane da tattalin arziki da lissafin kuɗi da aikin jarida. Me zai hana ƙungiyarmu ta riƙa tura wakilai su ƙirga rumfunan da aka rushe, su ji ta bakin masu su, su koma bayan shekara guda su duba halin da sababbin gine-gine suke ciki, mu buga sakamakon a wannan mujalla? Shafukanmu a buɗe suke ga duk wanda ya yi irin wannan bincike da gaskiya da adalci.

Iyayenmu sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Birnin da famfonsa ke zuba, asibitinsa ke da magani, mutanensa kuma ba a kore su daga wurin neman abincinsu ba, ya riga ya gama rabin shirin karɓar kowane irin baƙo, sauran kuwa kujeru ne da tutoci. Allah ya ba shugabanninmu ikon gane haka, mu kuma ya ba mu ƙarfin zuciyar tunatar da su. Amin.